Baƙin Ƙarfe, Mai Ba da Labarin Zafin Rana

Tsakaninmu da rana akwai tafiyar kilomita miliyan 150. Haske ma, duk da saurinsa, sai ya yi minti 8 da ɗoriya kafin ya iso mana. Kumbon da ya fi kowanne kusantarta, wato Parker na ƙasar Amurka, ya gifta ne a watan Disamba na 2024 da sauran kimanin kilomita miliyan 6 tsakaninsa da fuskarta. Amma tun shekaru da dama kafin a ƙera shi, masana sararin samaniya kan baje hoton rana, su ɗora yatsa a wani gefe su ce nan zafi ya kai digiri miliyan 1, su matsa kaɗan su ce nan kuma miliyan 10. Wa ya je ya dawo musu da labari? Baƙin ƙarfe ne, irin wanda ake ƙera fartanya da lauje da shi.

Maƙeri ba zai yi mamakin wannan sosai ba. Shi ma ba ya riƙe da wani ma'auni. Yaro na zuga, shi kuwa idonsa na kan ƙarfen da ke cikin gawayi. Yana kallo ya yi ja mai duhu, ya koma jawur, ya yi ruwan goro, ya yi ɗorawa, har ya doshi fari, kuma ya san daidai lokacin da zai sa awartaki ya ɗauko shi ya aza kan uwar maƙera. Ƙarfen ne da kansa yake gaya masa inda wuta ta kai. Sai dai wannan sani yana da iyaka. A digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyos ƙarfe yakan narke, kafin a kai 3,000 kuwa ya tafasa ya zama tururi. A sararin da ke kewaye da rana babu dunƙulen ƙarfe ko ɗaya. Kowace ƙwayar zarra tana yawo ne ita kaɗai cikin iskar da zafi ya wargaza, wadda ake kira filasma. Ƙarfen ma ba shi da yawa a can: cikin dubban ƙwayoyin haidirojin ake samun ƙwayar ƙarfe guda. Duk da haka bai daina ba da labari ba, hanyar faɗin ce kawai ta sauya.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar zarrar ƙarfe tana da cibiya, kewaye da cibiyar kuma akwai ilektiron 26, jere hawa-hawa, wasu a can ciki kusa da cibiya, wasu a baki-baki. Zafi a wannan mataki gudu ne da karo. Idan ya ƙaru, sai ƙwayoyi su riƙa bangazar juna da ƙarfi har wani ilektiron ya fizge ya bar gida. Na bakin waje shi ke fara tafiya, don riƙon da aka yi masa sakwa-sakwa ne. Kowane na gaba kuma ya fi na baya wuyar ɓamɓarewa. Ƙarfin da ake buƙata a cire na 13 ya ninka na farko sau 45, na ƙarshe kuwa, na 26, ya ninka shi fiye da sau 1,000. Saboda haka idan aka ga ƙarfen da ya rasa ilektiron 8, an san irin wutar da yake ciki. Idan aka ga wanda ya rasa 20, an san wutar ta wuce nan nesa ba kusa ba. Masana suna rubuta ƙarfen da bai rasa komai ba da alamar Fe I, wanda ya rasa ɗaya Fe II, haka har sama, lambar kullum tana gaba da yawan hasarar da ɗaya.

To ta yaya ake ganin wannan daga nesa? Ta hanyar waɗanda suka saura. Idan aka bangaji ƙwayar amma bugun bai kai na fizgewa ba, sai ɗaya daga cikin sauran ilektiron ɗin ya yi tsalle zuwa hawa na sama, sannan ya faɗo mazauninsa. A wannan faɗowa yake sakin ɗan haske mai launi ƙayyadadde, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Idan aka bi da hasken ta cikin na'urar da ke baje shi launi-launi, sai a ga siraran layuka masu sheƙi, kowanne a gurbinsa. Tun wajen 1860 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a Heidelberg ta ƙasar Jamus cewa kowane sinadari yana da nasa layukan. Abin da aka daɗe ba a fahimta sosai ba shi ne, sinadari ɗaya ma yakan sauya layukansa gaba ɗaya duk lokacin da ya rasa ilektiron guda. Ƙarfen da ya rasa 9 da wanda ya rasa 10, in ka dubi haskensu, ba za ka ce sun haɗa komai ba.

Wannan rashin fahimta ya jawo ruɗanin da ya shekara sama da 70. Ran 7 ga Agusta, 1869, an yi cikakken kusufin rana a Amurka. A irin wannan lokaci, da zarar wata ya rufe fuskar rana ruf, sai wani farin haske mai laushi ya bayyana kewaye da ita. Shi ne rawanin rana, wanda masana ke kira korona. Mutanen Gusau da Katsina da wasu sassan Nijar da suka shaida kusufin 29 ga Maris, 2006, sun gan shi da idanunsu. A wancan kusufi na 1869, masana biyu, Charles Young da William Harkness, kowa a gari daban cikin jihar Iowa, suka baje hasken rawanin, suka ga wani koren layi guda mai ƙarfi. Da farko an zaci wani sanannen layin ƙarfe ne da ke kusa da wurin. Da awo ya ƙara kyau sai aka ga gurbinsu daban, koren yana kan 5303 a ma'aunin angistirom, wato kashi ɗaya cikin miliyan 10 na milimita. Aka duba duk sinadaran duniya, babu mai layi a nan. Sai aka yanke cewa wani sabon sinadari ne da babu irinsa a doron ƙasa, aka raɗa masa suna koroniyom.

Ba za a ce sun yi wauta ba. Shekara ɗaya kafin nan, a 1868, an ga wani layi ruwan ɗorawa a gefen rana, aka ce sabon sinadari ne, aka kira shi hiliyom, kuma a 1895 William Ramsay ya same shi a ƙasa, magana ta tabbata. Wanda ya ci sa'a sau ɗaya yana da hujjar sake gwadawa. Amma shekaru suka yi ta tafiya, jadawalin sinadarai ya yi ta cika, har aka wayi gari babu sauran gurbin da za a zaunar da koroniyom.

Amsar ta fito ne daga ɗakin gwaji. A Uppsala ta ƙasar Suwidin, Bengt Edlén ya daɗe yana tartsa wutar lantarki mai ƙarfi tsakanin ƙarafa yana auna hasken ƙwayoyin da aka raba da ilektiron masu yawa. A 1939 Walter Grotrian na Jamus ya duba alƙaluman Edlén, ya lura cewa wani jan layi na rawanin rana, mai lamba 6374, ya yi daidai da ƙarfen da ya rasa 9. Edlén ya ɗauki zaren daga nan. Koren layin ya fi wuya, don haka sai ya bi ta dangi. Alminiyom yana da ilektiron 13. Silikon da ya rasa ɗaya shi ma 13 gare shi, haka fosfaros da ya rasa biyu, haka farar wuta da ta rasa uku. Duk masu 13 tsarin hawansu iri ɗaya ne, tazarar ce kawai ke ƙaruwa daki-daki yayin da cibiya ke ƙara nauyi. Ya bi wannan jeri yana lissafi har ya iso kan ƙarfe, sai ga lissafin ya sauka kan koren layin. A farkon shekarun 1940 ya bayyana sakamakon: koroniyom baƙin ƙarfe ne da ya rasa ilektiron 13, rabin abin da aka halicce shi da shi cif. Dalilin da ya sa har zuwa lokacin ba a taɓa ganin layin a ɗakin gwaji ba kuwa, sai ƙwayar ta samu kimanin kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ba a taɓa ta ba kafin ta saki wannan haske. A cunkoson iskar ɗakin gwaji ba ta samun wannan sarari, kafin ta furta an sake bangazarta.

Abin da ya biyo baya ya fi gano sunan girgiza masana. Fuskar rana zafinta kimanin digiri 5,500 ne, kuma kowa ya ɗauka rawanin da ke nesa da ita ya fi ta sanyi. Amma ba a raba ƙarfe da ilektiron 13 sai da zafin da ya doshi digiri miliyan 2. Ashe sararin da ke sama da rana ya fi fuskarta zafi ninki ɗaruruwa. Har yau ana kan binciken yadda hakan ke faruwa, ko da yake an amince cewa ƙarfin maganaɗisun rana ne ke ɗauke da makamashin zuwa can.

Akwai abin dubawa a cikin waɗannan shekaru 70. Abin da aka ɗauka baƙo ne daga wata duniya ɗan gida ne, wuta ce ta sauya masa kama har aka kasa gane shi. Haka yakan faru tsakanin mutane. Manomin da ya saba cika rumbu uku, rikici ya kore shi daga garinsu, ya sauka a birni da buhu ɗaya a ka, ba ya magana irin ta da, ba ya tafiya irin ta da. Matar da ta rasa miji da ɗa a shekara guda, dariyarta da gaisuwarta duk sun sauya. Abu mafi sauƙi ga masu kallo shi ne su raɗa musu sabon suna, su ce ai irin waɗannan mutane haka suke, kamar dai wata halitta ce daban. Raɗa suna ba ya cin komai, kuma yana hutar da mutum daga tambaya. Aikin Edlén shi ne mai wahala: a bi dangi a hankali, a gano asali, a ƙidaya abin da ya ɓace. Kuma wanda ya yi wannan ƙidaya yakan samu abin da bai nema ba, domin yawan hasarar yana gaya masa girman wutar da ke ci a wurin da shi bai taɓa zuwa ba.

Koren layi da jan layi ido na iya ganinsu, amma 'yan tsiraru ne. Mafi yawan hasken da ƙarfe ke saki a irin wannan zafi yana can bayan iyakar ganin ɗan'adam, a sashen da ake kira altirabayolet, musamman can ƙuryarsa inda lambobin ke sauka ƙasa da angistirom 400. Wannan haske ba ya isowa ƙasa. Allah Ya sa iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun daga sama, kuma rahama ce, don da yana saukowa da rayuwa ba ta yiwu a sarari ba. Mai son ganinsa sai ya haura saman iska. Ran 10 ga Oktoba, 1946, Richard Tousey da abokan aikinsa na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka suka ɗora na'ura a kan roka samfurin V-2, ɗaya daga cikin waɗanda aka kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka harba ta daga White Sands a jihar New Mexico. Makamin da aka ƙera don rushe birane shi ya fara kawo hoton wannan ɓoyayyen haske na rana.

Da aka shiga shekarun 1960, rokoki suka kai ga ƙuryar, suka dawo da wani cincirindon layuka masu tsananin ƙarfi tsakanin angistirom 170 da 220. Nan ma aka rasa mai su. A daidai wannan lokaci, a Harwell ta ƙasar Ingila, akwai wata babbar na'ura mai suna ZETA da ake gwajin haɗa ƙwayoyin zarra don samar da makamashi. Masu aikinta suna fama da wani datti da ke shiga filasmarsu: wutar tana lasar bangon ƙarfen na'urar, ɓurɓushinsa na gauraya da iskar gwajin. Da aka baje hasken cikin na'urar aka jera shi da na rana, sai ga layukan sun hau kan juna. A 1963 aka wallafa wannan dacewa, kuma cikin 'yan shekaru Alan Gabriel da Brian Fawcett da Carole Jordan suka rarrabe layukan, suka mai da kowanne ga matakin ƙarfen da ya fito. Abin da ke ɓata wa wasu aiki shi ya buɗe wa wasu ƙofa. Ita Carole Jordan ta ci gaba ta lissafa, ga kowane zafi, kashi nawa na sinadari ke kan kowane mataki na hasara, kuma a 1994 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana taurari ta Birtaniya.

Wannan lissafi shi ne ma'aunin. Kowane matakin ƙarfe yana da zafin da ya fi yawa a cikinsa. Fe IX, mai layi a 171, yana wajen digiri 800,000. Fe XII, mai layi a 195, wajen miliyan ɗaya da rabi. Fe XIV yana miliyan 2, Fe XVIII wajen miliyan 7, Fe XXI wajen miliyan 10, Fe XXIV kuwa sai rana ta yi aman wuta zafi ya doshi miliyan 20. Babu wani sinadari da ke da tsani mai tsawo haka kuma yake da yawan da za a gan shi, shi ya sa aka dogara da ƙarfe. Tauraron ɗan'adam SDO, wanda hukumar NASA ta harba ran 11 ga Fabrairu, 2010, yana ɗaukar hoton rana duk daƙiƙa 12 ta tagogi bakwai na wannan haske, kuma shida daga cikinsu an saita su ne kan layukan ƙarfe, ana kiran kowace taga da lambar gurbinta. Tun da rawanin rana garai-garai yake, ido na ratsa iska mai zafi daban-daban a kan layi ɗaya, sai a haɗa ƙarfin layuka da dama a lissafa yawan iskar da ke kan kowane zafi.

A nan ne wani abu mai ban al'ajabi yake fitowa. Idan rana ta yi aman wuta, wasu bakunan filasma kan miƙe sama da wurin, suna bin layukan maganaɗisu. Mai kallo ta tagar 171 kaɗai, a lokacin da wutar ta fi tsanani, ba zai ga waɗannan bakuna ba. Suna nan, amma ƙarfen da ke cikinsu ya riga ya wuce matakin rasa 8, ya kai 17, ya kai 20, ba shi da sauran abin da zai faɗa ta wannan taga. Sai an duba tagar 131 ko ta 94 ake ganinsu suna ƙuna. Daga nan, yayin da suke hucewa, sai su riƙa bayyana taga bayan taga, 335, sannan 211, sannan 193, a ƙarshe su haskaka a 171. Wato lokacin da mai tagar 171 ya ga haske ya ce ga wuta ta tashi, wutar ta riga ta ci ta fara lafawa. In kuwa zafi ya kai inda aka kwashe ilektiron 26 ɗin duka, ƙwayar ba ta da layi ko ɗaya. Babu wanda ya saura da zai yi tsalle ya faɗo.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan makoki da idon basira ya san wannan. Wanda abin ya fi shafa sau da yawa shi ne zaune tsit yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe, har wasu su ce kai, wane akwai tawakkali. Mai yiwuwa tawakkalin ne. Mai yiwuwa kuma zafin ne ya wuce matakin da hawaye ke fita. Kukan yakan zo daga baya, bayan an yi sadakar bakwai an watse, wani lokaci bayan arba'in, sa'ad da masu ta'aziyya suka koma harkokinsu suna ganin ai ya warware. Haka magidancin da bashi ya yi wa katutu: muddin yana ƙorafi a majalisa, da sauran ƙarfinsa. Ranar da ya daina zancen gaba ɗaya, ya koma amsa komai da "lafiya lau", ranar ce ya kamata 'yan'uwa su tashi tsaye. Mu kuwa mun saba da taga ɗaya, tagar kuka da ƙara. Wanda ya yi kururuwa shi muke ruga wa, wanda ya yi shiru mu ce ya samu sauƙi. Gaskiya ne duhu a hoton rana yana iya nufin wurin ya yi sanyi, ko iskar wurin ta yi ƙaranci. Yana kuma iya nufin akasin haka. Hoto ɗaya ba ya rarrabe su, sai an sake dubawa ta wata taga.

Haske ma yakan yaudari mai gaggawa. Layin Fe XXIV, shaidar zafin miliyan 20, yana kan 192.03. Wani layin Fe XI, na zafin da bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, yana kan 192.02. Na'ura ba ta iya raba su. Wanda bai sani ba zai ga haske a wannan gurbi cikin yankin da rana ke kwance lafiya, ya shelanta cewa ya gano wuta mai tsanani. Kama da wane ba ta wane. Maganin abin shi ne neman shaida ta biyu. Fe XXIV yana da wani layin a wajen 255, kuma in da gaske shi ne, dole su bayyana tare bisa wani ƙayyadadden rabo. Fe XI ma yana da wasu layukan da za a auna a san nawa ne kasonsa a cire. Na'urar EIS da ke kan tauraron Hinode, wanda Japan ta harba a watan Satumba na 2006, irin wannan aikin haƙuri ake yi da ita. Akwai kuma rumbun bayanai mai suna CHIANTI, da aka fara fitarwa a 1996, inda ake tara lissafin layukan ana gyara shi duk lokacin da sabon awo ya nuna kuskure. A wani jerin da aka wallafa a 2008 na layuka kimanin 500 da Hinode ya gani, waɗanda aka iya sa wa suna sun ɗan haura rabi ne kawai. Sauran aka rubuta lambar gurbinsu, aka bar wajen suna fayau. Wannan gurbi da aka bari abin girmamawa ne. Mutanen da magabatansu suka yi shekara 70 suna kiran ƙarfe da sunan da ba nasa ba sun koyi cewa barin wuri babu suna ya fi cika shi da zato.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi taɓa zuciya. Rawanin rana ba a tsaye yake ba, kullum wani sashensa yana kwarara zuwa sararin samaniya, abin da ake kira iskar rana. Ƙwayar ƙarfe da ta rasa ilektiron tana iya mai da su idan zafi ya ragu. Haka ke faruwa a waɗancan bakuna masu hucewa, domin a can akwai cunkoso, ilektiron na yawo ko'ina, tana cin karo da su tana kamawa ɗaya bayan ɗaya. Amma ƙwayar da iskar rana ta yi gaba da ita labarinta daban. Tana nisa, wuri na ƙara zama wayam. A ƙasan rawanin, gurbin da bai wuce santimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba yana ɗauke da ƙwayoyi miliyan ɗari ko fiye. A kusa da duniyarmu irin wannan gurbi ƙwayoyi kamar 5 ke cikinsa. Tun ba ta yi nisa da rana sosai ba take daina haɗuwa da kowa, sai ta daskare a halin da ta fito. Ta yi tafiyar kwanaki, zafi ya ragu ƙwarai, amma hasararta na nan yadda take. Kumbon ACE, da aka harba a 1997 yake zaune kimanin kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya ta wajen rana, yana cafke irin waɗannan ƙwayoyi yana ƙidaya abin da suka rasa. A iskar yau da kullum ƙarfen yakan zo ya rasa wajen 10. Idan aka ga wanda ya rasa 16 ko fiye, an san daga cikin wata babbar fashewa ya fito, ko da kwana uku ke nan da wutar ta mutu.

Fita daga wuta, ashe, bai isa ya mayar wa ƙwaya abin da ta rasa ba. Sai ta samu na kusa da za ta karɓa daga gare su. Mukan ce wa mutum ai abin ya wuce, shekara nawa yanzu, me ya sa har yau kake haka? Mun duba inda yake tsaye, mun ga babu wuta, mun manta ba mu duba ko akwai kowa kusa da shi ba. Wanda masifa ta same shi a tsakiyar dangi da maƙwabta, wannan ya kawo kwanon tuwo, wancan ya ba da jari, wata ta zo hira da yamma, yakan farfaɗo sannu a hankali. Wanda ta same shi sannan ta jefa shi inda ba a san shi ba yana iya shekara ashirin yana ɗauke da zafin rana ɗaya. Tsarin da Mahalicci Ya sa wa ƙwayar da ido ba ya gani bai yi nisa da wanda Ya sa wa zuciya ba.

Hotunan SDO a buɗe suke ga kowa a intanet, kuma su ne gidajen talabijin ke nunawa duk lokacin da ake labarin aman wutar rana. Launukansu na aro ne, an shafa su ne don a bambanta tagogin, tun da ainihin hasken ido ba ya ganinsa: ruwan zinariya na 171, kore na 94, shuɗi na 335. A gefen ƙasa na kowane hoto akwai lambar tagar da kwanan wata da sa'ar da aka ɗauke shi. Mai karatu, in ka samu dama, ka buɗe na 171 da na 94 na sa'a ɗaya a ranar da rana ta yi aman wuta, ka jera su, ka nemi wurin da ya yi duhu a na farko ka ga yadda yake a na biyu.